Harbin Motar Idirisu

A shekarar da fetur ya yi wuya har muka koma sayensa a kwalba, wani dare bayan sallar isha'i, ina zaune a ƙofar gidana a Dutse ina kallon jemagu suna barin bishiyar mangwaro, sai na ji wata ƙara daga gidan maƙwabcina Idirisu. Ba irin ta bindigar maharba ba ce, don ita tana da jela, takan shiga cikin duwatsu ta zagayo ta dawo. Wannan guntuwa ce, kamar an sako ƙaton tulu daga kan soro. Aka ɗan yi shiru, sai aka sake biyu a jere. Daga nan sai kukan saniya, sai muryar tsohuwa tana faɗa da Fillanci.

Na ɗauki fitila na leƙa. Idirisu na tsaye a rumfar da yake ajiye motarsa, hayaƙi mai warin fetur yana zagaya shi.

Na ce, "Lafiya, Malam Idirisu?"

Ya ce, "Lafiya lau, Baba Uwaisu. Mota ce ta yi tari."

Na ce, "In wannan tari ne, Allah ya raba mu da atishawarta."

Idirisu Bafillace ne, a wata ruga kusa da Aujara aka haife shi. Ya yi boko, ya samu aikin duba dabbobi, da aka ba mu jiha aka dawo da shi daga Kano. Motar tasa tsohuwar a-kori-kura ce fara, da ita yake zagaya ƙauyuka yi wa shanu allura. Shekara biyu ya yi yana roƙon mahaifiyarsa, Dada, ta bar daji ta dawo gidansa, saboda gwiwoyinta sun daina jure bin garke. Da ƙyar ta yarda, bisa sharaɗin za ta zo da saniyarta guda, Wule, da ɗan maraƙinta. Gidan ƙarami ne, babu inda za a kafa turke sai bayan rumfar mota. Tsakanin salansa da kunnen Wule katangar laka ce kawai, ita ma ba ta kai kafaɗa ba.

Idirisu ɗan fari ne, don haka Dada ba ta faɗin sunansa, ba ta kuma yi masa magana kai tsaye. Duk abin da za ta gaya masa sai ta gaya wa wanda ke kusa. Sau da yawa ni ne na kusa, don kullum da safe ina zuwa karɓar madara a ɗan kwanona.

Washegari Dada na tsugune tana tatsa, Idirisu ya murɗa makulli. Motar ta yi gurnani, ta girgiza kamar mai zazzaɓi, ta harba. Wule ta yi tsalle ta tsinka igiya, ƙwarya ta kife, ni kuwa na koma gida da kwano a bushe. Na ga motar tana fita unguwa tana ɗingishi, tana harbi a kowace kwana, kaji suna watsewa. Sai na ji ina son ganin ƙarshen abin, na sa takalmi na bi ta gareji.

Makanikensa Mailafiya ne, yana aiki ƙarƙashin wasu itatuwan darbejiya a hanyar Kiyawa. Babarbare ne, abokin wasan Fulani, saboda haka tun daga nesa ya fara.

"Bawana, yaƙi ka kawo mini da sassafe? Wa ya ba ɗan Fulani mota, ba a fara gwada shi da jaki ba?"

Idirisu ya ce, "Duba mini ita, kai dai. In ka gyara na 'yanta ka."

Mailafiya yana da wata ɗabi'a. Kowace mota aka kawo masa, ko da fitila ce ta mutu, kafin ya saurari mai ita hannunsa ya riga ya buɗe bonet, ya fizge wayoyin fulogi duka huɗu, ya kwance fulogan ya jefa a gwangwanin fetur. Yakan ce likita ma da harshe yake farawa. Haka ya yi, yana yi yana bayani.

"Harbi iri biyu ne. Akwai na baya, akwai na gaba. In ta salansa take yi, fetur ne ya shiga injin bai ƙone ba, ya fita ɗanye, ya tarar da bututu mai zafi ya kama a can. In ta kafireto take yi, wuta ce ta zo ta tarar da ƙofar shigar mai a buɗe, ta biyo hanya ta fito. Taka ta ina take yi?"

"Duka biyun."

"Ta gaji mai ita ke nan, ba ta da alƙibla. Ina ka sha mai jiya?"

Idirisu ya ce a hannun 'yan bumburutu, kuma jiyan ne karo na farko da ya saya a wurinsu. Mailafiya ya zuƙo kaɗan da tiyo, ya zuba a tafin hannu, ya hura. Fetur na gaskiya tashi yake yi ya bar hannu a bushe. Wannan ya bar maiƙo.

"Kananzir ne rabinsa. Fitila suka ɗauke ka."

Ya juye tankin, aka zuba mai kyau, ya goge fulogai ya mayar, ya jona wayoyi. Da aka tayar, motar ta kama kamar ana karanta wasiƙa, babu ko gargada. Da yamma ta dawo gida shiru, har Wule ba ta ɗaga kai ba.

Da gari ya waye motar ta harba sau uku.

Ranar Mailafiya ya ce datti ne a kafireto, inda mai ke haɗuwa da iska, mai ba ya wucewa sosai, iska ta fi shi yawa. Ya kwance shi gunduwa-gunduwa a kan buhu, yana hura 'yan ƙananan ramukan da baki, yana ɗaga su sama yana leƙen rana ta ciki. Ni ma ya ba ni na leƙa. Ban taɓa ganin rana ƙarama haka ba, kamar ƙwayar gero guda. Motar ta warke, ta kwana, ta tashi da harbi. Rana ta uku ya ce lokacin wuta ne ya goce, abin da suke kira taimin. Ya sassauta distiributa, wato ƙoƙon da ke raba wa fulogai wuta, yana juya shi kaɗan-kaɗan, kunnensa a jikin injin kamar mai satar jin hira. Ya duba murfin ko ya tsage, bai tsage ba. Ya samu ɗan rami a salansa ya sa aka liƙe. Ta warke, ta kwana, ta tashi da harbi.

A safiyar nan ce Dada ta yi magana. Kwana huɗu ke nan Wule tana riƙe nono, ko maraƙin ba ta bari ya sha sosai, da ta ji motsin makulli sai fatarta ta kama rawa. Idirisu na tsaye taku uku daga gare mu, amma ni Dada ta kalla.

"Malam, ka gaya wa mai gidan nan, ranar Litinin mutanen ƙanena za su kawo shanu kasuwar Shuwarin. Zan bi su in koma, ni da Wule."

Na juya na gaya masa, ko da yake ya ji. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ka ce mata zan ajiye motar. Ba zan sake tayar da ita ba. In ma sayarwa ce, sai in sayar."

Na juya na gaya mata.

Ta ce, "Ka ce masa ban zo birni don in ɗaure wa mutum ƙafa ba. Shanun mutane na jiran allura. Ya riƙe motarsa, in riƙe saniyata, daji yana da faɗi."

Wanda ya san Dada ya san an gama. In ya ajiye motar za ta tafi don kada ta zama nauyi, in ya tayar za ta tafi don Wule. Hanya ɗaya ta rage, motar ta yi shiru da kanta kafin Litinin.

Mailafiya ya daina wasa na kwana ɗaya cur. Ya ce a bar masa motar ta kwana a gareji, in bawul ne, wato ƙofar ɗakin wuta, ya ƙone da sanyin safe zai gane. Da asuba ya murɗa makulli, ta tashi lafiya lau, ya kai ta har Kiyawa ya dawo ba ta ce uffan ba. Aka mayar da ita gida, ta kwana, ta harba.

Nan fa unguwa ta samu abin yi. Wasu suka ce a kan hanyar aljanu aka kafa rumfar. Wani ya ce raɓa ce ke sauka daga dutse. Ni kuwa tunanina daban ne, na kuma gaya wa Mailafiya. Na ce ƙarfe ba ya mutuwa, narka shi ake yi a sake ƙera wani abu. Wa ya sani ko wannan motar a dā bindigogi ce, na wani yaƙi a ƙasar Turawa? In ta kwana wuri mai shiru sai ta yi mafarkin aikinta na farko, ta farka ba ta gama wartsakewa ba. A gareji kuwa tana cikin 'yan'uwanta, ba ta samun barci mai nauyi.

Mailafiya ya dube ni. Ya ce, "Baba Uwaisu, da ina da sifanar da ke kwance mafarki, da na gwada."

Ranar Lahadi na fito da wuri fiye da kullum, don tun a masallaci na hangi bushiya tana bin gindin katanga, na bi ta in ga gidanta. Ta ɓace mini daidai rumfar Idirisu. Ina duƙe ina leƙen rami sai ga shi ya fito daga cikin gida, riƙe da wani ɗan ƙunshi a tsumma. Ya waiga dama da hagu, bai waiga ƙasa ba. Ya buɗe bonet, ya warware tsumman, sai ga baƙaƙen wayoyi guda biyu. Ya jona su, ya shafa su, ya miƙar da su sambal, kowace a gefen 'yar'uwarta.

Na miƙe na ce, "Malam Idirisu, me kake shukawa?"

Ya zabura har ya buga kai da bonet. Da ya ga babu mafita sai ya rage murya.

"Dabaibayi ne, Baba. Ka san an sace motoci biyu a unguwar nan. Wani a ofis ya ce in an cire waya ɓarawo ba zai yi nisa ba. Shi ne nake cire na tsakiyan nan biyu, su kwana a ƙarƙashin matashina. Don Allah kada ka gaya wa kowa, su ce ɗan Fulani yana ɗaure mota kamar jaki."

Na gyaɗa kai. Amma ƙuda ne ya sauka mini a hanci, ban ɗauki alkawari ba.

Ban kawo komai a raina game da harbi ba. Abin ne kawai ya ba ni sha'awa, mota da ake yi wa dabaibayi, igiyarta kuma ta kwana tare da mai ita. Irin wannan labari ba ya zama a cikina. Da hantsi na tarar da Mailafiya a teburin mai shayi, na ba shi don ya yi dariya. Bai yi ba. Ya ajiye kofi.

"Waɗanne wayoyi?"

"Na tsakiya guda biyu."

"Tun yaushe?"

"Ban tambaya ba. Amma yana mayar da su da kyau ƙwarai, a miƙe, har yana shafa su."

"A miƙe," in ji Mailafiya. Ya cire hula ya sosa kai ya mayar. "Baba, ka je ka ce wa bawan nan nawa, gobe kada ya taɓa komai sai na zo."

Litinin da safe na tarar Dada ta gama shiri. Kayanta ƙulli ɗaya ne a zane, ƙorenta a raga, ta sa wa Wule sabuwar igiya. Huseina, matar gidan da ke bayan nasu, ta shigo yi mata sallama, tana zaune a bakin tabarma. Idirisu na jingine da mota kamar wanda aka kira kotu. Sai ga Mailafiya a kan babur.

Ya gaida Dada daga nesa. "Uwar bayina, ina kwana? An ce za ki gudu ki bar mini ɗa."

Ta ce, "Mugun Babarbare, kai da ka kasa ƙarfe za ka iya mutum?"

Ya zo gaban mota ya haɗa hannuwansa biyu a baya, ɗaya ya riƙe ɗaya, don kada su riga shi aiki. Ya ce, "Ɗauko abin da ke ƙarƙashin matashi ka yi yadda ka saba."

Idirisu ya harare ni, na kalli sama. Ya shiga ya ɗauko, ya jona, ya miƙar, ya shafa.

Mailafiya ya leƙa ya ce, "Da ka cire su jiya, haka ka same su?"

"A'a. A harɗe suke, ɗaya ta hau kan ɗaya. Tun da na sayi motar haka na gan su, kai ma duk ranar da na karɓo ta daga wurinka haka kake barinsu. Aikin gaggawa. A dangwali, inda muke ɗaure 'yan maruƙa, igiya ba ta hawa kan igiya, in ta hau maraƙi zai shaƙe kafin safe. Kowa da maɗaurinsa, a jere. Shi ne nake gyara maka, tun daren da na fara gwada dabaibayin na tayar da ita, ban faɗa ba don kada ka ji kunya."

Mailafiya ya zauna a kan tayar gaba, yana dariya ba sauti, kafaɗunsa kawai ke rawa. Da ya samu numfashi ya ce, "Zo ka gani, makiyayi. Ɗakunan wuta huɗu ne a injin nan, a jere suke kamar maruƙanka, gaskiya ne. Amma ba a jere suke karɓar wuta ba. Na ɗaya, sai na uku, sai na huɗu, sai na biyu. Dole wayar biyu da ta uku su gitta juna. Da ka miƙar da su, wutar na uku tana zuwa wa na biyu, ta tarar bai shirya ba, ƙofofinsa a buɗe, sai ta fita ta gaba. Man da ba a ƙona ba kuma ya gangara salansa ya fashe a can. Da ƙafa biyu motarka take zuwa wurina kullum."

Idirisu ya dubi wayoyin. Can ya ce, "To kai da kake gyara ta kwana biyar, ba ka da ido ne?"

Mailafiya ya saki hannuwansa ya dube su. "Waɗannan ne. Kafin ido ya gani sun fizge. Kullum kana kawo mini ɓarawon a ɗaure, ni kuma ina sakinsa kafin in tambayi sunansa."

Dada ta ji komai daga inda take. Ta kalle ni.

"Malam, ka tambayi mai gidan nan. A rugar ubansa, yadda shanu suke tsaye haka ake bi a tatse su? Kowace ta san bayan wadda take. In ka tsallake ka je wa wadda lokacinta bai yi ba, sai ta zubar maka da ƙwarya. Wannan ko yarinya ta sani."

Na juya zan gaya masa, ya ɗaga mini hannu. "Na ji, Baba."

Mailafiya ya cire wayoyin ya gitta su. Ya tsinko jan zare daga bakin tsumman ya ɗaura wa ɗaya, ya ɗiga fenti a ramin da za ta shiga. "Ka ci gaba da dabaibayinka, ban hana ka ba. Mai zare nan, marar zare can. In ka ga sun hau juna ka kau da kai, ba za su shaƙe ba."

Idirisu ya shiga mota. Babu wanda ya kalli motar, duk Wule muke kallo ta saman katanga. Ya yi bisimilla ya murɗa. Injin ya kama a hankali, sumul, kamar kyanwa a kan cinya. Fatar Wule ta yi rawa sau ɗaya, kunnuwanta suka miƙe, tana jiran abin da ta saba. Mailafiya ya sa hannu ya ja totur, ya saki, ya sake ja da ƙarfi, ya saki farat ɗaya. Babu komai sai ɗan hayaƙi. Aka kashe, aka sake tayarwa. Aka kashe, aka sake. A karo na uku Wule ta sauke kunne ta ci gaba da tuƙa.

Idirisu ya fito ya tsaya a bakin rumfa, bai san inda zai ajiye idonsa ba. Ba zai iya tambayar uwarsa ba, ni ma kuma ban ga fuskar da zan tambaya masa ba.

Dada ta daɗe a zaune. Sannan ta dafa gwiwa ta miƙe, ta je wurin kayanta. Ta kwance bakin ragar, ta zaro ƙwaryar tatsa ita kaɗai, ta mayar da bakin ta ɗaure tam yadda yake. Ta saki maraƙin ya sha kaɗan, ta janye shi, ta tsuguna a gefen Wule ta kafa ƙwarya tsakanin gwiwoyi. Da farko shiru. Sai muka ji tsiririn nono ya bugi gindin ƙwarya, siriri, sannan ya yi kauri.

Huseina ta dubi ƙullin kayan da ke nan a ɗaure, ta dubi rana da ta fara hawa katanga, ta dubi kowannenmu ɗaya bayan ɗaya.

Ta ce, "Wai tafiyar an fasa ne, ko sai an gama tatsa?"